Sawun Babur Ɗin Tobias

Da safiyar Asabar ɗin da za a ɗora babur ɗin marigayi Tobias a mota a tafi da shi Jos, aka buɗe ɗakin ajiya aka tarar wayam. Sai tsohon tamfol yashe a ƙasa, da baƙin tabon mai a inda babur ɗin ya shekara talatin da 'yan kai yana tsaye. Ƙofar baya mai fita lungu a buɗe take, kuma ba a fasa kwaɗo ba.

Kafin hantsi duk unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo ta ji. Ka san halin mutanenmu: wanda bai taɓa sanin akwai babur a gidan ba, shi ya fi kowa rantsuwa ya san ɓarawon. Bakinsu kuwa ya zo ɗaya, Nelson ne, autan gidan.

Nelson baƙin jinin muzuru gare shi, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Da can ya sha burkutu har ya sayar da injin ban ruwan ubansa. Ya daina tun kafin tsohon ya rasu, ya kama tuƙa wa wani keken haya mai ƙafa uku yana cin abinci, amma unguwa ba ta yafe masa ba. Yau ga baƙin mai a wandonsa, ga shi ya fita tun da duhun asuba. 'Yan banga suka tare shi a bakin titi, suka kawo shi gida, suka ɗaure masa hannu a gindin mangwaro.

Wansa Peter, ma'aikacin gwamnati a Abuja, shi ya nemo mai saye ya kuma yanke ciniki. Ya tsaya a tsakar gida cikin farar shadda yana huci.

"In la'asar ta yi bai faɗi inda ya kai shi ba, sai caji ofis. In ya fito kuma, ya nemi wani gida. Na gaji."

Uwarsu, Mama Mary, ba ta nan. Ta tafi ƙauyen Kona taron zumuntar matan coci tun da sassafe, ta bar wayarta a taga kamar kullum. Matan maƙwabta suka ce gara da haka, don zuciyar tsohuwa ba za ta ɗauki wannan ba.

* * *

Shugaban 'yan banga ne ya aika a kira Yuguda. Tsohon Bafulatani ne siriri, ya yi kiwo da ƙuruciya, ya kuma ƙarar da ƙarfinsa wajen bin sawun shanun sata daga nan har bakin Binuwai. Yanzu lambar waya ba ya iya karanta ta, amma ƙasa ba ta ɓoye masa komai. Ya shigo ya ga yadda 'yan kallo suka tattake tsakar gidan, ya yi tsaki.

"Ko giwa aka sata a nan, kun binne ta."

"Baba, wannan fa ba saniya ba ce," in ji Peter. "Ɓarawon ga shi a ɗaure. Inda ya ɓoye kawai muke nema."

Yuguda ya wuce shi. Ya je ya tsuguna gaban Nelson, ya fara da ƙafafunsa kafin fuskarsa. Manyan ƙafafu ne cikin tsohon kambas.

"Man nan na wandonka fa?"

"Baba, jiya da yamma na shiga na goge shi." Nelson ya dubi wandon. "Kowane Kirsimeti ni ne ina goge shi, tun Baba yana da rai. Da na ji za a tafi da shi, na ce bari na yi mishi sallama. Shi ke nan laifi na."

"Da asuba ina ka je?"

"Tasha. Motan Yola yana sauke mutane da wuri. In na shiga sel yau, mai keke zai karɓa key nashi, Baba. Ba wanda zai sake ba ni."

Yuguda ya ji tausayinsa, amma tausayi ba sawu ba ne. Ya miƙe ya nufi ƙofar baya, ya hana kowa biyo shi.

* * *

Allah ya taimake shi, an yi ruwa jiya da magariba, lungun ya kwanta lumus kamar an yi masa daɓe. Sawun taya ya fito tsaf, tsohon zane mai tsattsagewa wanda ba a ganin irinsa yanzu. A gefensa ga sawun silifas, ƙarami, taku gajeru. Mai shi ya tura babur ɗin da ƙyar, ya ma tsaya ya huta, don dunduniya ta nutse a wuri guda. Daga inda lungun ya fara gangara wa rafi sai sawun ƙafa ya ɓace. An hau ke nan, an bar gangara ta yi aikin inji.

A kwanar famfo tayar baya ta ja ƙasa kaɗan, alamar birki, kuma an sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Can gaba, inda kwata ta ratsa hanya, an sake tsayawa, an sake sa ƙafa. Babu alamar faɗuwa ko tangaɗi. A gindin gangaren kuwa 'yan garuwa da awaki sun riga shi, sun share komai.

Ya dawo ya shaida wa Peter cewa ƙafar ba ta Nelson ba ce, ƙarama ce.

"To yaro ya sa ya fitar masa. Baba, kada ka ga ya yi maka kuka. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu."

Maganar ta yi wa Yuguda zafi, amma ya haɗiye ta da goro. Ya fita bakin titi ya zauna a kan dakali yana jiran keke. Masu mashin suna zuwa mahaɗar hanya suna tsayawa, shi kuwa idonsa, kamar kullum, yana ƙasa. Na farko ya tsaya, ƙafar hagu ya sauke. Na biyu ma hagu. Wani malamin makaranta da jaka a baya, hagu. Yuguda ya daina tauna. Sawun da ya gani a gangare, duka biyun, a dama suke.

* * *

Mai sayen, Ukasha, yana wani masauki a unguwar Barade. Rabin unguwa ba su sake shi ba tukuna, don wasu sun ce ai mai a-kori-kura irinsa shi ya fi kowa iya ɗauke babur ya huta da biya. Yuguda ya same shi zaune a bayan motar, ya tasa igiyoyin da ya tanada a gaba kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ƙaton mutum ne, ƙafarsa kamar faranti. Tun daga nan Yuguda ya cire shi a ransa, amma ya zauna.

"Me ka gani a tsohon ƙarfe da ya taso ka daga Jos?"

Fuskar Ukasha ta washe. "Baba, BSA ne, ƙirar Ingila. Kakana yana da irinsa, a kan tankinsa na fara sanin iska. Na daɗe ina nema. Duk wanda na samu an yi masa aron inji, ko an shafe shi da fentin ƙofa. Wannan kuwa lambar inji da ta firam tare suka fito daga kamfani. Fentinsa na asali ne, ya dushe amma nasa ne. Ɓera ya ci kujera, tanki ya yi tsatsa a ciki, inji ya ƙame, ba ya juyawa. Ba komai, duk wannan gyara ne. Abin da ba a iya gyarawa shi ne babur da hannu da yawa suka taɓa."

"Ka taɓa shi kai?"

"Shekaranjiya. Na zuba masa mai da kananzir ya jiƙa, na sa iska a taya, na saki birki don ya turu zuwa mota. Har ya fara ɗiga. Su dama haka suke, in ka ga ɗan Ingila ba ya ɗigar da mai, to babu man ne."

Yuguda ya gyara zama. "In mutum ya tsaya da shi a gangare, wace ƙafa zai sauke?"

Ukasha ya dube shi da mamaki. "Dama. Ai su a juye suke. Mashinan yanzu birki a ƙafar dama, giya a hagu. Wannan birkinsa a hagu yake, giya a dama. Ranar da na fara hawan irinsa, na zo tsayawa na take giya, sai a cikin shingen mutane aka tsamo ni. Duk yaron da ya koyi mashin a zamanin nan, in ya gangara da shi, ƙafarsa za ta yaudare shi kafin kansa ya tuna."

"A Jalingo wa ya rage da ƙafarsa ba za ta yaudare shi ba?"

"Mutum ɗaya aka nuna mini. Wani tsohon makanike a unguwar Sintali, Timoti. Kuma ka sani, ranar da muka yi ciniki sai da ya zo ya zagi Peter tas."

* * *

Timoti yana ƙarƙashin dalbejiyar da ya shekara hamsin yana kwance injuna, amma yanzu kallo kawai yake yi. Ciwon suga ya kumbura masa ƙafar dama, an naɗe ta da tsumma, ga sanda a gefe. Yuguda ya ga haka, ya ji kunyar zargin da ya taho da shi.

"Ardo, ka zo kama ni ne?" Timoti ya yi dariya. "Da ina da ƙafa, wallahi da ni ne na sata. Yaron nan ya sayar da mashin na baban shi kaman tsohon fanka. Ko maman shi bai tambaya ba. Ta ce a bar shi, ya ce Mama, ƙarfe ne kawai."

Suka ɓare goro. Da zance ya faɗa kan da, Timoti ba ya tsayawa. Ya ba da labarin Baturen gonar da Tobias ya yi wa kuku, wanda ya sayar masa da babur ɗin da zai koma gida. Ya tuna yadda Tobias ya kama safarar busasshen kifi daga garin Lau, kwanduna biyu a baya, lokacin Jalingo titi ɗaya ce da fitilar ƙwai. Ya kwaikwayi ƙarar babur ɗin da bakinsa, dum, dum, dum, a hankali kamar ana daka a gidan maƙwabta. In an ji ta daga nesa mata sai su ɗora tukunya, kifi ya iso.

"Mutum mai gaisuwa," in ji Yuguda. "Ko a daji ya gan ka sai ya kashe inji."

"Banda shekara ɗaya! Ka manta? Shekaran da Tobias ya daina gaisuwa. Zai wuce da babban kwat, da hular kwano, da gilashi, ya naɗe baki da mayafi, hannu kawai zai ɗaga. Coci ma ya daina zuwa. Muka ce kuɗin kifi ya shiga kan shi. Amma ka san abin mamaki? A shekaran nan mashin ɗin bai zo mini da lanƙwasasshen feda ba ko sau ɗaya. Tobias mai shiga rami da gudu, sai ga shi yana lallaɓa kulos na mashin kaman ƙwai. Daga baya gaisuwa ya dawo, ramuka ma suka dawo."

Goron ya tsaya wa Yuguda a kunci. Wani abu da ya kwanta a ransa shekara arba'in da wani abu ya motsa. Yana saurayi, yana ƙetarar da shanu a wani mashigi kan hanyar Lau, babur ɗin ya zo ya tsaya yana jira su wuce. Ya yi gaisuwa, aka ɗaga masa hannu. Da babur ɗin ya tafi ya dubi inda aka sa ƙafa a laka. Takalmin Tobias ne, babban but ɗin nan, amma dunduniya da tsakiya kawai suka nutse. Gaban takalmin babu kowa a ciki. A lokacin ya yi mamaki, sai wata saniya ta ɓalle ya bi ta, bai sake tunawa ba sai yau.

"Kifin nan wa ke karɓa ya sayar a kasuwa?"

"Saliha mana. Ƙawan Mary. Tana nan a gindin gangare na lungun Tobias, bakin rafi."

* * *

Wannan karon bai nemi taya ba, mai ya nema. A gindin gangaren, kan wani dutse da 'yan garuwa ke kauce wa, ga ɗigo baƙi. Gaba kaɗan ga wani a kan ganyen tafasa. Suka kai shi har ƙofar wani zaure da aka rubuta wa "Ba shiga" da shuɗin fenti, ɗigo na ƙarshe yana kan dokin ƙofa. Yuguda ya yi murmushi. Duk 'yan bangar Jalingo babu mai tsallake wannan rubutu ya shiga gidan gwauruwa da 'ya'yanta mata.

Ya yi sallama. Murya ta amsa daga bayan labule.

"Goggo Saliha, jam, kin wuni lafiya? Wani baƙo ya shigo miki da asuba, mai ƙafa biyu, ba ya cin tuwo."

"Ni ban ga ɓarawo ba, Bappa."

"Ban ce kin gani ba. Amma kin san an ɗaure Nelson tun safe?"

Sai ya ji wani abu ya faɗi a ciki, kamar murfin kwano. Labulen ya motsa. "Innalillahi. Mun ce Peter zai yi faɗa kwana biyu, mai saye ya gaji ya tafi. Ba mu kawo Nelson a rai ba."

"To ki sa 'ya'yanki su turo shi su kai gida. Ni zan tare ƙawarki a hanya."

Rana ta karkata lokacin da keken Kona ya sauke mata masu zane iri ɗaya a bakin titi. Mama Mary ce ta ƙarshe, ƙaramar tsohuwa da littafin waƙa a hannu. Yuguda ya gaishe ta, ya dubi silifas ɗinta, bai ƙara duba ba.

"Maman Peter, birkin nan har yanzu yana kamawa?"

Ta tsaya cak. Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ya faɗa mata inda ɗanta ya wuni. Littafin ya suɓuce daga hannunta. Yuguda ya sha ganin ɓarayi sun firgita, amma bai taɓa ganin wanda ya ruga wajen hukunci da sauri kamar wannan ba.

* * *

Tsakar gidan ta cika maƙil. Ukasha ya zo, Timoti ma ya sa an kawo shi a keke. 'Yan matan Saliha suka shigo da babur ɗin suna nishi, aka yi ta salati da kiran Yesu a haɗe. Ga shi nan, baƙi da ja da suka dushe, fitila zagayayya kamar ƙwarya, kujera ta zama raga.

Yuguda ya yi magana a taƙaice. Ƙafar Ukasha ta yi girma. Ƙafar Timoti ba ta taka ƙasa sai da sanda, kuma babu sanda a lungun. Nelson kuwa bai bi ta can ba sam. "Sauran ba a bakina yake ba," ya ce, ya koma gefe.

Mama Mary ta riga ta durƙusa tana kwance igiyar da haƙori da farce.

"Ni ne na ɗauka," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba wanda ya taimake ni."

Wasu suka yi dariya. Peter ya dafe kai.

"Mama, don Allah. Kullum haka kike yi. Lokacin injin ban ruwa ma kin ce ke kika ba shi. Yau kuma ke kika tuƙa mashin? Ki bar shi ya ɗauki laifinsa sau ɗaya a rayuwarsa."

Nan fa aka tsaya. Gaskiya ta fito, amma ta fito daga bakin da ya saba ƙarya don ɗa, babu mai karɓa. Shugaban 'yan banga ma ya fara gyara igiyarsa. Yuguda ya ga in bai yi wani abu ba, Nelson zai kwana a caji ofis da shaidar uwarsa a kansa.

"A fitar da babur ɗin lungu," ya ce.

Aka tsayar da shi a bakin gangare, Ukasha ya riƙe baya. Yuguda ya sa Nelson ya hau, ya ce idonsa ya tsaya a gaba. Ya bari ya natsu, sa'an nan ya daka tsawa: "Birki!" Ƙafar dama ta Nelson ta sauka kan giya, ƙwas. Wani ɗan banga da ke taƙama da mashin ya ce a ba shi. Ya san amsar ma, ya gani da idonsa, amma da aka yi tsawar ƙafarsa ta dama ce ta fara zabura.

Mama Mary ta miƙa wa Saliha ɗankwalinta na sama. Ta tattare zanen zumunta ta cusa tsakanin gwiwoyi, ta kama kan babur ɗin, ta hau kamar jiya ta sauka.

"Sake shi, ɗana," ta ce wa Ukasha.

Ya sake shi. Babur ɗin ya gangara shiru, babu inji, sai kukan sarƙa da tsatsa. Tsohuwar ta miƙe baya, gwiwar hannu a buɗe, ta kauce wa rami ta kauce wa dutse. Peter ya bi ta da gudu yana kiran Mama, jama'a suka rufa masa baya. A kwanar famfo tayar baya ta ja ƙasa kaɗan, babur ya tsaya, ƙafarta ta dama ta sauka dab da sawun safe. Timoti, da aka bari a sama, sai kuka yake yi da dariya a haɗe.

"Kulos kaman ƙwai! Ashe ke ne!"

Ta jira Peter ya iso yana haki.

"Shekaran da ido na babanku ya rufe, wa kuna tsammani ya kawo kifi daga Lau? Kai kana rarrafe lokacin. Shi ya koya mini a yashin rafin nan, muna sabon aure, da rani, inda ba mai gani. Da ciwo ya kama shi ya ce in mutane sun ji matan shi tana hawa mashin tana ciyar da shi, ba zai iya fita ba. Sai na sa kwat nashi. Har ido ya buɗe ban gaya wa kowa ba sai Saliha, har ya mutu ban gaya ba." Ta shafa tankin. "Ka ce ƙarfe ne kawai. Na rasa yadda zan gaya maka ba ƙarfe ba ne."

Ukasha ya matso, ya cire hula, ya rusuna.

"Mama, na yi ciniki da wanda ba mai kaya ba. Ki yafe mini. In kin ce a'a, yau zan koma."

Ta dube shi. "In ya zauna a ɗaki, tsatsa zai gama shi, ni ma na sani. Za ka saya. Amma a nan za a gyara, a gaban Timoti, sai na ji murya nashi da kunne na kafin ya bar Jalingo. Ciniki kuma sabo ne, da Nelson za ka yi. Shi ne yana goge shi."

Sai a lokacin aka waiwayi Nelson. Yana tsaye a baya, yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta bar shata. Waɗanda suka fi kowa rantsuwa da safe suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Uwar ta sauka ta kama hannuwan ta duba, hawayen da ta riƙe tun bakin titi suka zubo.

"Ni ne na ɗaure ka, auta."

"Ba ke ba ne, Mama," ya ce, bai dubi kowa ba.

"Nelson," in ji Peter. Ya sake cewa, "Nelson." Abin da ke bayan sunan ya ƙi fitowa.

Nelson ya matsa gaba. Ya kama kan babur ɗin ya juya shi, ya fara tura shi sama shi kaɗai. Gangaren da ya yi daɗin sauka ya zama tudu, ga hannu a kumbure, taku kaɗan ya yi tayar ta fara komowa. Peter ya dubi farar shaddarsa, ya dubi ƙaninsa. Ya je ya sa hannu biyu a kan kariyar ɗora kaya ta baya, mai tsatsa da baƙin mai, ya sunkuya ya tura.

Yuguda yana tsaye a gefe yana kallo. Nelson ya ji nauyin ya ragu, ya kuma san hannun wane ne. Bai waiwaya ba har suka kai tsakiyar tudun. Can ya yi magana, idonsa na gaba.

"Broda, ka matsa hagu. Kana tura shi cikin kwata."

Peter ya matsa hagu.